Ƙasa Ta Motsa, Wa Zai Kai Labari?

A farkon watan Satumba na 2018 mazauna Mpape da wasu unguwannin Abuja suka yi kwanaki suna jin ƙasa na rawa a ƙarƙashinsu. Ba a yi asarar rai ba, amma da yawa sun kwashi iyalansu sun bar gida. Abin da ya biyo baya shi ne ya fi tsaya mini a rai. Wannan jami'i ya ce masu fasa dutse ne, wancan ya ce yawan haƙar burtsatse ne, wani masani ya ce tsohuwar tsaga ce a cikin dutsen ƙarƙashin ƙasa ta motsa. Aka dakatar da fasa dutse da haƙar burtsatse a yankin, aka kafa kwamiti. Shekara biyu kafin nan, a Satumbar 2016, mutanen Kwoi da ke ƙaramar hukumar Jaba a jihar Kaduna sun ga irin wannan, har bangon wasu gidaje ya tsattsage. A 2024, cikin Satumbar dai, Mpape ta sake motsawa.

Duk sa'ad da haka ta faru, kira ɗaya ake yi: gwamnati ta sayo na'urorin auna girgizar ƙasa. Ba ni da ja a kan wannan. Sai dai sayen na'ura shi ne mafi sauƙi a cikin aikin gaba ɗaya, shi ya sa ma muka fi son sa, domin akwai kwangila, akwai bikin ƙaddamarwa, akwai hoto a jarida. Wahalar tana ga hanyar da labarin zai bi daga ramin da aka ajiye na'urar zuwa gaban wanda zai fassara shi, cikin 'yan sakanni, dare da rana, ko da wuta ko babu, ko da sabis ko babu, ba tare da an jira wani ya tashi daga barci ya danna wani abu ba. Wannan hanya ita ce ya kamata a zuba wa kuɗi da tunani, kuma Kano na da nata kason aikin, duk da cewa ba mu cikin garuruwan da girgizar ƙasa ta saba leƙawa.

Tashar auna motsin ƙasa ba wani katafaren gini ba ce. Rami ne ko ɗan ƙaramin ɗaki a kan dutse mai ƙwari, nesa da titi da injin niƙa. A ciki akwai na'urar da ke jin motsi ta fuska uku: sama da ƙasa, gabas da yamma, kudu da arewa. Akwai wata da ke mayar da motsin lambobi, galibi sau 100 a kowane sakan, sai agogon da ke karɓar lokaci daga tauraron ɗan'adam, sai batir da farantin sola, sai na'urar da ke tura bayanan waje. Duk abin da tashar za ta tura a yini bai cika kai megabait 50 ba. Yawan data ba shi ne matsala ba. Matsalar ita ce ba a son ya yanke, kuma ba a son ya makara.

Dalili kuwa shi ne tasha ɗaya ba ta iya gaya maka takamaiman inda abin ya faru. Motsin ƙasa yana tafiya ne da igiyoyi iri-iri. Ta farko, wadda masana ke kira P, tana gudun kusan kilomita 6 a sakan cikin dutse, kuma ba ta cika ɓarna ba. Ta biyu, S, tana tafe a baya da kamar kilomita 3.5 a sakan, ita ce mai jijjiga gini. Daga ratar da ke tsakanin isowarsu ake gane nisan wurin. Amma nisa kawai ka sani, kamar a ce maka abu na da tazarar kilomita 80 daga Kano, ba a ce maka ta wajen Wudil ba ne ko ta wajen Gwarzo. Sai an haɗa aƙalla tashoshi uku kafin a tsayar da wuri, a ƙara ta huɗu kafin a yi maganar zurfi da ƙwarin gwiwa. Ke nan idan tashoshi huɗu gare ka, biyu suna turowa nan take, ɗaya sai gobe, ɗaya kuma sai ma'aikaci ya je da mota ya kwafo a filashi ƙarshen wata, to a ranar da ake buƙata ba ka da komai sai zato.

Ƙasashen da girgizar ƙasa ta zame wa maƙwabciya sun mayar da wannan rata ta gudu abin ceton rai. Saƙon da ke bin kebul ɗin faiba yana cin kusan kilomita 200,000 a sakan, don haka yana riga igiyar girgizar isa gari. Bayan bala'in 1985, Meziko ta jera na'urori a gaɓar tekunta, inda manyan girgizoji ke tasowa, ta yadda babban birnin da ke nesa da kusan kilomita 300 kan sami kimanin minti guda na gargaɗi. Japan ta fara aika wa jama'a irin wannan gargaɗi a 2007, kuma ranar 11 ga Maris 2011 jiragen ƙasanta masu tsananin gudu sun taka birki da kansu, ba su jira umarnin kowa ba.

Amma kada wani ɗan kwangila ya zo ya sayar mana da wannan mafarki a Kano. Birnin nan yana zaune ne a kan tsohon dutse mai ƙwari, nesa da bakin faifan ƙasa, wato inda manyan sassan ɓawon duniya ke gogayya da juna, inda manyan girgizoji ke yawan aukuwa. Irin motsin da aka saba gani a Najeriya ƙanana ne, a kusa suke tasowa, kuma idan abu ya taso kilomita 30 daga gare ka, igiyar S ta iso kafin sakan 10. Babu jiniyar da za ta riga ta da abin a zo a gani. Wannan ba ya nufin yankinmu ya tsira ɗungurungum: Accra ta girgiza a Yunin 1939 har aka rasa rayuka, arewa maso yammacin Gini kuma ta yi asarar ɗaruruwan mutane a Disambar 1983, a wurin da ba wanda ya sa rai. Sai dai buƙatarmu ta yau da gobe daban ce. Muna buƙatar amsa cikin mintuna, ba kwanaki ba, ga tambayar da kowa zai yi: mene ne wannan, a ina, yaya ƙarfinsa, daga ƙarƙashin ƙasa ya taso ko daga samanta?

Wanda yake ganin wannan tambaya ƙarama ce bai san saurin ji-ta-ji-ta ba. A Janairun 2010 mutanen Ghana da dama sun kwana a waje saboda saƙon waya da ya zagaya cewa girgizar ƙasa na tafe, alhali ba wanda ya isa ya faɗi ranar girgiza kafin ta zo. Mu nan mun san daren ruwan gishiri na Agustan 2014, lokacin Ebola, da aka riƙa tayar da 'yan'uwa da tsakar dare a waya. A Maris na 2020 da wani abu ya fashe a kusa da Akure ya bar ƙaton rami a titi, an yi ta musu: hukuma ta ce mota ce ɗauke da nakiyar fasa dutse, wasu suka ce dutse ne ya faɗo daga sama. Na'urorin nan suna jin fashewa kamar yadda suke jin girgiza, kuma zanen da kowanne ke bari ya bambanta. Fashewar tashar jiragen ruwa ta Beirut a Agustan 2020 ta fito a na'urori tamkar girgiza mai maki 3.3 a ma'aunin ƙarfin girgizar ƙasa. A garin da labari ke tashi daga Kurmi ya isa Rijiyar Zaki kafin a idar da sallah, jinkirin hukuma na sa'a shida tamkar miƙa wa masu ƙirƙira makirufo ne.

To yaya bayanai ke zaɓar hanya da kansu? Duk wanda ya taɓa hawa Adaidaita Sahu daga Sabon Gari zuwa Kabuga ya san abin. Ƙwararren direba ba hanya ɗaya ya haddace ba. Yana hango cunkoso a gaba, ko ya ga an tare titi saboda ɗaurin aure, sai ya karya kan babur ya bi ta lungu, ba ya tsayawa ya kira mai babur ɗin ya nemi izini. Haka ake so tasha ta kasance. A ba ta hanyoyi biyu ko uku mabambanta: layin waya, tauraron ɗan'adam, rediyo zuwa wata tasha ta kusa, ko faiba inda akwai. Na'urar tura bayanan tana ta gwada kowace hanya ba ƙaƙƙautawa, tana duba wadda ke amsawa da wadda ta yi shiru, da wadda ke amsawa amma da nawa. Ta farko na mutuwa sai ta koma ta biyu. Ta farko na farfaɗowa, sai ta ɗan jira ta tabbatar ba farfaɗowar ƙarya ba ce, sannan ta dawo. Inda tashoshi suke kusa da juna, ana iya sa kowace ta zama gadar 'yar'uwarta, wadda sabis ɗinta ya ɗauke ta miƙa wa maƙwabciya ta wuce da saƙon.

Wannan ba sabon ilimi ba ne, kuma manhajojinsa kyauta ne. Mafi yawan cibiyoyin duniya suna amfani da tsarin SeedLink, wanda ya fito daga cibiyar binciken ƙasa ta Potsdam a Jamus. Ana yanka bayanan ƙunshi-ƙunshi, kowanne bait 512, kowanne da lambarsa a jere. Idan layi ya yanke ya dawo, cibiya sai ta ce wa tashar: na tsaya a lamba kaza, ci gaba daga nan. Tashar kuwa ta adana abin da bai tafi ba a ma'ajiyarta, don haka ba a rasa komai muddin yankewar ba ta wuce ƙarfin ma'ajiyar ba. Manhajar SeisComP, ita ma daga can, tana karɓar tashoshi da yawa lokaci guda ta fitar da wuri da ƙarfin girgiza ba tare da hannun mutum ba. Ɗalibin kwamfuta mai himma a Jami'ar Bayero zai iya girka su a kwamfuta ɗaya.

Abin da ba a iya saukewa daga intanet shi ne sanin yadda hanyoyinmu ke mutuwa, domin tsarin da aka zana don Turai bai san irin namu ba. A Satumbar 2021 an rufe layukan waya a duk jihar Zamfara saboda tsaro, daga baya aka haɗa da sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna, wasu wuraren har tsawon watanni. Tashar da ke rataye da sim ɗaya a irin wannan yanki ta kurmance ke nan, ba don na'ura ta lalace ba. A Oktoban 2024 Kano da yawancin Arewa sun shafe fiye da mako guda cikin duhu bayan manyan layukan wuta sun samu matsala. Wanda ya fi ba ni mamaki kuwa shi ne na 14 ga Maris 2024, ranar da manyan kebul huɗu na ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Kwaddibuwa, bankuna suka tsaya, intanet ta yi ta ja da ciki. Ɗaya daga cikin kamfanonin, MainOne, ya ce binciken farko ya nuna motsi ne a ƙasan teku ya tsinka nasa. Wato abin da ake son aunawa shi ne ke iya yanke hanyar kai labarinsa. An ga haka tun 1929, da girgizar ƙasa a gaɓar Kanada ta tsinka kebul 12 na ƙarƙashin Tekun Atlantika.

Darasin Maris ɗin nan ya shafe mu kai-tsaye. Idan aka ɗora uwar kwamfutar da ke tattara bayanan a wani rumbu na Turai don arha ko don sauƙi, to saƙon da ya taso daga Tiga zai gangara Legas, ya nutse teku, ya je Turai, sannan ya dawo wa jami'in cibiyar nazarin motsin ƙasa da ke jihar Bauchi. Kowane zango a wannan tafiya wurin yankewa ne. Bayanan cikin gida su yi zirga-zirgarsu a cikin gida, kwafi ya tafi waje.

Akwai kuma wata yaudara da nake so masu rubuta takardun kwangila su sa wa ido. Za a ce maka an sa sim biyu na kamfanoni daban-daban, saboda haka hanya biyu ce. A ƙauye sau da yawa kamfanonin biyu a kan ƙarfen sabis ɗaya suke, janareta ɗaya ke ba su wuta, kuma kebul ɗinsu na kwance a rami ɗaya a gefen titi, inda katafilar mai aikin hanya za ta tsinka su tare. Man dizal ya ƙare a wannan ƙarfe, duka biyun sun tafi. Hanya ta biyu ta gaskiya ita ce wadda ba ta haɗa wuta, ƙarfe, ko rami da ta farko ba. Ga shi kuma da zarar ƙasa ta motsa kowa wayarsa zai ɗauka ya kira gida, layi ya cushe daidai lokacin da tashar ta fi buƙatarsa. Shi ya sa tauraron ɗan'adam ko rediyo, duk da tsadarsu ko wahalar girkawa, ba ado ba ne.

Wani abin da ba a cika lura da shi ba sai an gwada: idan layi ya dawo bayan yankewar yini biyu, me za a fara turawa? Idan tashar ta dage sai ta kwashe tsohon kaya a jere kafin ta kai ga na yanzu, to a ƙaramin layi za ta daɗe tana ba ka labarin shekaranjiya alhali ƙasa na motsi yanzu. Tsari mai hankali yana ware wa sabon labari hanyarsa, tsohon ya biyo a hankali. Irin wannan ƙaramin zaɓi ba ya fitowa a jawabin minista, amma shi ke raba tashar da ke aiki da wadda sunanta kawai ke cikin rahoto.

Sauran masu kashe tasha ba su da wani kwarjini. Kuɗin data ya ƙare ba a sabunta ba saboda takardar na kan teburin wani. Ƙurar hunturu ta rufe farantin sola, batir ya yi ƙasa da asuba. Wani ya ga batir da faranti a daji babu mai tsaro. Maganin biyun farko shi ne tashar ta riƙa turo lafiyarta tare da bayanan: ƙarfin batir, zafin ɗaki, hanyar da take bi a yanzu, ta yadda za a ga rashin lafiyar tun kafin mutuwa. Maganin na ukun kuwa ba na kwamfuta ba ne. A zauna da dagaci da mai unguwa, a ɗauki ɗan garin aikin gadi da share faranti, a biya shi a kan kari.

Ba sai mun je Japan neman misali ba. A Torodi, kudu maso yamma da Yamai a Jamhuriyar Nijar, hukumar da ke sa ido kan yarjejeniyar hana gwajin makaman nukiliya ta kafa ɗaya daga cikin manyan tashoshinta 50 na jin motsin ƙasa. An tsara ta ne ta riƙa aika bayanai ba yankewa ta tauraron ɗan'adam zuwa hedikwatar hukumar da ke Biyana, babban birnin Ostiriya, kuma masana sun daɗe suna yabon kaifin jinta saboda shirun wurin da ƙwarin dutsensa. Rana ɗaya ke dukanmu da su, ƙura ɗaya. Bambancin shi ne an ɗauki hanyar sadarwar da kuɗin kula da ita a matsayin ɓangaren tashar tun ranar farko.

Yanzu ga inda maganar ta fi ɗaci. A ƙasar nan toshewar da ta fi tsanani ba a kebul take ba, a ofis take. Cibiyar nazarin motsin ƙasa da ke Toro a jihar Bauchi tana ƙarƙashin hukumar sararin samaniya, NASRDA, kuma ita ke riƙe da tashoshin da aka daɗe da sani a Toro da Kaduna da Ile-Ife da Nsukka. Hukumar binciken ma'adinai da duwatsu, NGSA, tana wata ma'aikatar daban, ita ma da nata na'urorin. Manyan madatsun ruwanmu suna hannun hukumar kogunan Haɗeja da Jama'are, a ma'aikata ta uku. Masu kai ɗauki, NEMA da SEMA, suna wani gidan. Idan bayanan tashar wannan ba sa isa kwamfutar wancan sai an rubuta wasiƙa an jira sa hannun darakta, to duk dabarar sauya hanya da na zayyana ta tashi a banza. Ni a ganina a rubuta shi cikin doka ko ƙa'ida: duk tashar da aka saya da kuɗin jama'a, bayananta su riƙa zuba kai-tsaye a aƙalla cibiyoyi biyu da ke garuruwa daban-daban, kuma kowace hukuma da jami'a ta iya jona kwamfutarta ta sha daga nan. Tasha huɗu a hannun wannan da biyar a hannun wancan, in sun haɗu, tara ce. In ba su haɗu ba, kowanne na lalube a duhu.

Kano ta dace ta zama ɗaya daga cikin waɗannan cibiyoyi, ba don son kai na ɗan gari ba. A cikin tashoshi huɗun da na ambata, mafi kusa da mu suna da nisan kusan kilomita 200, kuma duk ta kudu suke. Ƙaramin motsi ba ya kai wannan nisa da ƙarfin da za a auna shi da kyau, sannan tashoshin da suka taru a gefe guda ba sa tsayar da wuri daidai. Ga shi muna da abin tsaro. Dam ɗin Tiga, da aka kammala a 1974, shi ke shayar da gonakin Kadawa da Kura da Bunkure, ruwansa kuma ya biyo kogin Kano har matatar Tamburawa. Na Challawa a Ƙaraye ya zo a farkon shekarun 1990. Dattawa ba su manta Agustan 1988 da Bagauda ta ɓalle ba, kuma Maiduguri ta ga nata a Satumbar 2024 da Alau. Waɗannan biyun ruwa ne ya ci su, ba girgiza ba, kada a ce na haɗa abin da bai haɗu ba. Amma an san nauyin ruwan babban dam kan iya tayar da motsi a ƙarƙashinsa: ya faru a Kariba da ke tsakanin Zambiya da Zimbabuwe a 1963, ya faru a Koyna ta Indiya a 1967 har mutane kusan 180 suka mutu. Injiniyan da ke kula da bangon ƙasa mai shekara 50 ya cancanci sanin ko ana jijjiga shi, ko daga ƙasa ko daga nakiyar masu fasa dutse. Haka Riruwai a Doguwa, inda ake haƙar ma'adinai, haka bututun gas na Ajaokuta-Kaduna-Kano (AKK) mai kilomita 614 da zai ƙare a nan.

Kayan aikin ma ba daga sifili za a fara ba. Akwai babban rumbun bayanai na Galaxy Backbone da aka ƙaddamar a Kano a farkon 2023. Akwai mahaɗar intanet ta cikin gida, IXPN, da ke da reshe a garin. Akwai Jami'ar Bayero, akwai ta kimiyya da fasaha a Wudil, masu ɗaliban da ke rubuta kundin digiri da bayanan wasu ƙasashe saboda namu ba sa samuwa. Kuma yanzu akwai ƙananan na'urori masu rahusa irin Raspberry Shake, da makarantu a ƙasashe da yawa ke jonawa a ɗakin gwaji. Ba su kai manyan kaifin ji ba, amma idan suka yi yawa suna cike giɓi.

Na san abin da za a ce: garin da ke fama da zazzaɓin cizon sauro, da ambaliya duk damina, da benaye masu rufta wa mutane ba tare da ƙasa ta ko yi tari ba, kamar na titin Beirut a Agustan 2022, ina shi ina girgizar ƙasa? Maganar tana da nauyi, kuma da a ce zaɓi ne tsakanin wannan da maganin asibiti, da ban ɗauki alƙalami ba. Amma kuɗin 'yan tashoshi ƙalilan da hanyoyinsu bai kama ƙafar na gadar sama guda ba, mu kuwa ba mu gajiya da gadoji. Sannan hanyar da aka shimfiɗa wa na'urar motsin ƙasa a Tiga ita ce dai za ta ɗauko ma'aunin tsayin ruwan dam da na ruwan sama, waɗanda manoman Haɗeja da Auyo ke buƙata kowace shekara kafin ruwa ya iso musu. Su ma benayen, ƙa'idar gini ba ta da abin dogaro in babu tarihin motsin ƙasa na shekaru, kuma wannan tarihi ba a sayensa ranar da aka buƙace shi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Inda na rabu da masu son komai ya zama na inji shi ne wajen sanar da jama'a. Bayanai su yi tafiyarsu ba hannun mutum, ƙararrawa ta buga a wayar jami'in da ke bakin aiki da injiniyan dam ba hannun mutum, amma kada inji ya yi wa gari shela da kansa. A Agustan 2013 Japan, da duk ƙwarewarta, ta aika wa miliyoyin wayoyi gargaɗin girgiza mai maki 7.8, aka tsayar da jiragen ƙasa, ashe ƙaramin motsi ne ya zo daidai da tangarɗar wata na'ura ta ƙarƙashin teku. Su sun saba, sun san su shige ƙarƙashin tebur su jira. A kwatanta wannan saƙo ya faɗo wayoyin mutanen Kantin Kwari da azahar, ko masallacin Juma'a ya cika. Turmutsutsun zai yi ɓarnar da girgizar ba za ta yi ba. Tun da sakanni ba za su cece mu ba, babu asara idan masani ya ɗauki minti goma ya duba zanen da idonsa, sannan a ji muryarsa da Hausa a gidajen rediyo, waɗanda har gobe su mutanen Kano suka fi yarda da su.

Wasu za su kawo batun tsaro, wai kada a buɗe bayanan ga kowa. Tashoshin ƙasashen waje sun ji duk gwaje-gwajen nukiliyar Koriya ta Arewa daga 2006 zuwa 2017 ba tare da ta ba su izini ba. Babban abu in ya faru a nan, maƙwabta da na nesa za su ji, mu ne kawai za mu zama na ƙarshen sani. A tsare na'urorin daga masu kutse, wannan wajibi ne, amma lambobin motsin dutse ba sirrin soja ba ne.

Idan ranar ta zo da za a ƙaddamar da wata tasha a Tiga ko a Ƙaraye, ina roƙon 'yan jaridarmu su bar tambayar nawa aka kashe zuwa anjima. Su tambayi shugaban aikin, ranka ya daɗe, ta hanya nawa bayanan nan ke fita, ina da ina suke sauka, kuma a wane layi na kasafin kuɗi aka rubuta kuɗin data da albashin mai gadi na shekara biyar masu zuwa? Sannan su nemi a zare wayar babban layin a gabansu, a kira cibiyar da ke Toro a saka lasifika, a ji ko zanen na ci gaba da gudana a allonsu, da kuma sakan nawa ya ɗauka kafin ya dawo.